Za a Hau Sama, a Kimtsa

A Ƙofar Gayan, in ka ce Malam Bahago magini, har yaran da ke goye sun san wanda kake nufi. Sunansa na yanka Auwal, amma tun yana ƙarami da hagu yake cafe tubali, sunan ya bi shi har furfura. Gini gado ne a gidansu, kuma azarar da ya ɗora tun yana saurayi har yau tana riƙe da soraye a unguwar. Mafaɗaci ne, ga tsokana, abin da ke ransa shi ne a bakinsa. Sai dai duk zafin kansa, bai taɓa taka tsani ba sai ya tsaya a lungu ya ɗaga murya: "Salamu alaikum masu gida! Za a hau sama, a kimtsa!" Sai ya dakata matan maƙwabta su ja mayafi ko su shige ɗaka, sannan ya hau. A cikin birni gida manne yake da gida, wanda ya hau soro guda yana kallon tsakar gidan mutane da yawa.

Da ciwon gwiwa ya sauko da shi daga tsani, cefanen gidan ya koma wuyan ɗansa Suhail, magidanci mai 'ya'ya. Suhail bai gaji gini ba, ɗaukar hoton biki yake yi. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayi ɗan jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. Ranar da ya kawo shi gida, Bahago ya juya shi a hannu ya ce, "Wannan sauron ka sayar da mashin a kansa?" Amma a ransa daɗi ya ji, don yana son duk abin da ke hawa sama.

A wani biki aka yi ɓarnar. Jirgin ya tashi ya ɗauki 'yan kai amarya, ya haɗa da tsakar gidan Hajiya Delu, dattijuwar da ke maƙwabtaka da gidan bikin, tana zaune da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, ana yi mata kitso. Suhail bai lura ba ya tura wa masu biki, kafin la'asar bidiyon ya zaga wayoyin unguwa. Hajiya Delu ta daina leƙo ko zaure don kunya. Ɗanta Abdulhamid ya rantse sai ya farfasa jirgin, wasu kuma suka je wajen mai unguwa suna cewa a hana tashinsa a cikin ganuwa gaba ɗaya. In aka hana, tukunyar gidan Bahago ta kife.

Aka taru a zauren mai unguwa. Kowa ya zaci tsohon zai kare ɗansa, sai ya fara da shi.

"Kai Suhail, ka hau kan gidan mutane ba sallama. Ko da ƙafa ka hau ko da fiffike, hawa ne. Ka kunyata uwarka Delu, ka kunyata ni." Suhail ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa. Bahago ya juya wajen Abdulhamid. "Kai kuma Alhaji, in ka fasa wannan, gobe wani zai zo da nasa daga unguwar Tukur-Tukur, wanda bai san sunan uwar kowa ba a nan. Lokacin da aka kawo lasifika masallaci har da ni a masu ihun a cire. Ba a cire ba, lokaci aka sa mata. Wannan ma a sa masa tarbiyya."

Mai unguwa ya ce, "To Malam, wace iri?"

Bahago ya ce kada a yanke komai sai an tambayi mata, tunda tsakar gidan tasu ce. Maza suka ɗan yi gunaguni, amma aka tura. Matan suka dawo da abin da ko shi bai kawo a ransa ba: a sanar da maƙwabta tun ana gobe biki, gidan da ya ce a'a kada jirgi ya bi ta kansa, kuma kada bidiyo ya fita sai wata mace a unguwar ta kalla. Bahago ya ƙara nasa, cewa mai jirgi zai tsaya a lungu ya yi sallama da bakinsa kamar kowane magini. Mai unguwa ya amince, amma bisa sharaɗi guda: jirgin Suhail ba zai sake tashi ba sai Hajiya Delu ta yafe.

Ita kuwa ta ƙi ba da fuska. Suhail ya je ban haƙuri, aka ce tana barci. Matarsa ta je, aka karɓi gaisuwa kawai. Bukukuwa suka yi ta wuce shi, jirgin na cikin akwati, Bahago na kallon ɗansa yana ramewa. Abin ya dame shi ƙwarai, amma ya hana kowa matsa mata.

Ana gab da damina sai ga aike daga gidanta: soronta ya tsage, kuma ba ta yarda kowa ya duba ba sai Bahago. Shi da ko dakali da ƙyar yake hawa! Ya gane nufinta, ƙofar yafiya ce ta buɗe, ya ce wa Suhail, "Ɗauko sauronka."

A lungu Suhail ya yi sallama can ƙasan maƙoshi. Uban ya zungure shi da sanda. "Da aljanu kake magana? Buɗe baki!" Ya buɗe, har kaji suka watse. Da jirgin ya tashi, Bahago ya kafa ido a fuskar wayar da ke nuna abin da jirgin ke gani, sai ga saman soron da ya yaɓe da hannunsa, ga tsagar nan kusa da indararo. Bai zaci zai sake ganin birni daga sama ba.

Hajiya Delu ta fito zaure cikin lulluɓi, ta saurari bayanin gyara, sannan ta dubi Suhail sama da ƙasa.

"Na ji sallamarka, har na kimtsa," in ji ta. "Bayan Sallah za a kai jikata Ibtisam ɗakin miji. Ka zo da abin naka. Duk birni sun gan ni ba ɗankwali, to wannan karon ka jira in kafa ɗaurina, ka ɗauke ni da kyau su ga bambanci."