Mai Buroshi da Layin da Aka Rushe

Kullum da hantsi Mai Buroshi yakan buɗe ɗakin aikinsa, ya cika tsohon gwangwani da ruwa, ya rataya tsumma a kafaɗa, sannan ya zauna gaban allon zane na kwamfuta. Ruwan ba ya yi masa komai yanzu, tsumman ma haka. In ka tambaye shi, sai ya ce hannunsa ba ya tashi sai ya ga abokan aikinsa.

Shekara arba'in ya yi yana zana allunan shagunan layinmu. Almakashin da ke saman ƙofar tela aikinsa ne, haka ƙaton kan nan mai sanƙo na shagon mai aski, wanda har gobe mai askin ke rantsuwa ba shi aka zana ba. Sai tari ya kama shi, likita ya ce ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar warin fenti ba. Shekara biyu ya yi a zaune yana kallon bango, yatsunsa na motsi a kan gwiwa kamar suna shafa kala a iska. Mun tausaya masa ƙwarai, amma mun rasa abin yi.

Babbar 'yarsa ce ta kawo masa allon.

"Baba, gwada wannan. Ba wari, ba tari."

Ya juya shi gaba da baya. "To, ina ake zuba kalar?"

"Tana ciki."

"Ke da uwarki duk ɗaya. Komai aka nema sai ku ce yana ciki."

Ya koya a hankali, yana mita yana ci gaba. Yana cikin haka aka zo da sanarwa cewa za a rushe layin shagunan nan da wata biyu, hanya za ta bi ta wurin. Kowa ya shiga tunanin inda zai kai kayansa. Shi kuwa abin da ya tsaya masa a rai shi ne ranar da za a wayi gari ba wanda zai iya nuna yadda wurin yake. Ya ɗaura aniyar zana layin gaba ɗaya kafin a taɓa shi.

Mako takwas yana fama, ya gama saura kwana uku a yi rusau. Sai hannun shekara arba'in ya yi abin da ya saba: ya ɗauki allon ya jingina shi a taga, inda rana ta fi ƙarfi, don zanen ya bushe. Da ya dawo da yamma, gilashin ya yi baƙi ƙirin. Kafin a gyara na'urar, zanen ya tafi, layin ma ya tafi.

Da wani ne, da ya haƙura a nan. Kai kuwa, Mai Buroshi, kai ne ka sake cika gwangwaninka, ka lumshe ido, ka fara daga farko. Maƙwabta suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Tela ya ce ƙofarsa shuɗiya ce, mai aski ya roƙi a ƙara masa gashi. A cikin zane na biyu abubuwa suka riƙa dawowa waɗanda ido ya daɗe bai gani ba: bishiyar da aka sare tun muna yara, inuwarta kwance a kan hanya, da marigayi mai gyaran agogo, ya sunkuya da ɗan gilashinsa a ido.

Mai Buroshi ya fitar da zanen a kan raga mai laushi irin ta masu buga zane, ya sami tawadar ruwa marar wari, ya buga shi da hannunsa a takarda mai kauri, kowane mai shago da nasa. Matar mai gyaran agogo ce ta zo daga ƙarshe. Ta daɗe tana kallo.

"Ai bai kai ga ganin wannan sabon rufin ba," in ji ta, tana nuna rufin shagonsu a cikin zanen.

"A wurina ya gani," ya ce.

Mun gode, Mai Buroshi, mai hannun da ba ya mantuwa. Allah ya ƙara lafiya. Wanda duk lokaci ya ƙwace masa kayan aiki, ya leƙa ɗakin nan ya ga dattijon da ya koma ɗalibi da furfurarsa, ya yi koyi da shi.

Matar mai gyaran agogo ta miƙa yatsa za ta taɓa fuskar mijinta a cikin zanen. Ya riƙe gefen takardar a hankali.

"Ɗan dakata, yaya. Bari ya bushe."

Wannan karon da gaske tawadar ɗanya ce. Ta ja kujera ta zauna kusa da mijinta, tana jira.