Takardar da ta kai mu Dutsin-Ma

Ana idar da sallar asuba muka bar gida a Kurfi, ni da Babanmu, takardar tana cikin jakata na naɗe ta a leda. Ni na karanta masa ita, don ni ce mai sakandare a gidan, kuma tun ranar ban ƙara cin abincin kirki ba. Lauya ne ya rubuto a madadin mutumin da ya yi mana aiki a injin niƙa: in ba a zauna da shi cikin sati biyu ba, sai kotu. Ni dai abin da nake hangowa shi ne an garƙame injin, an tafi da Baba.

Ina tsaye a wurin ranar da bel ɗin injin ya kama wa mutumin hannu. Yatsu biyu suka tafi. Har yau in na ji an tayar da inji sai gabana ya faɗi. Baba ya ɗauki nauyin magani, amma duk ta hannun kawun mutumin, wanda ya kawo shi aiki tun farko. Ta bakin kawun kuma Baba ya aika wa mutumin cewa ya zauna gida, an sami wani. Haka ake yi a wurinmu, wanda ya tsaya wa mutum shi ake gaya wa, don kada a haɗa ido a ji nauyi.

Mu huɗu, har da wasu fasinjoji biyu, aka cusa a bayan motar haya. Kuɗin mota ya tashi, direba ya ce a tambayi gidan mai. Dawa ta yi tsawo a gefen titi har ba a ganin abin da ke bayanta, kuma duk inda muka hango babura sun fito daga daji sai motar ta yi tsit don tsoron 'yan bindiga. Wata tsohuwa mai kaji a kwando ta yi ta salati, kajin suna taya ta. Wannan kaɗai ya sa ni murmushi.

A tashar Dutsin-Ma Baba ya saya mini ƙosai mai zafi, na riƙe shi har ya huce. Ofishin lauyan da muka zo neman shawararsa yana saman wani shago, fanka ba wuta. An ce mana wannan lauyan masu ɗaukar ma'aikata yake ba shawara, irin masu gidan burodi da ruwan leda. Ya karanta takardar sau biyu.

"Alhaji, akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakaninku?"

"Barista, Fatiha muka shafa."

"Madalla da Fatiha. To da ka sallame shi, kai da bakinka ka gaya mashi?"

Baba ya ce ta bakin kawun ya aika. Lauyan ya ce ba kawun ne ya yi mana aiki ba, ba kuma shi ya rasa yatsu ba. Sallama ana sanar da mai aikin ne da kansa, a rubuce, a kan lokaci. Wanda ya ji rauni a bakin aiki kuwa yana da haƙƙin diyya, magani bai share ta ba. Ya ce zai amsa wa ɗan'uwansa lauya a nemi sulhu, kada mu sa hannu a komai sai ya gani, kuma a yi wa bel ɗin murfi kafin a sake tayar da injin. Na tambaye shi ko za a kama Baba.

"Ba kamu ba ne, ɗiyata. Amma ku je wurin mutumin nan yau."

Da muka sauka Kurfi bayan la'asar, Baba bai nufi gida ba, sai unguwar mutumin a bayan kasuwa. Muka same shi a zaure, hannun a naɗe. Ya miƙe da sauri.

"Alhaji, kai da kanka? Wallahi wata biyu ina sauraren zuwanka. Da na ga shiru ne na je wurin lauya."

Baba ya zauna a kan tabarma ya ce a kwance masa hannun ya gani. Ni na kasa kallo.

Maganar diyya tana nan, lauyoyi za su zauna, kuma tsoro bai gama sakina ba. Amma tafiyar ta nuna mini cewa nauyin da Baba ya ji ya hana shi zuwa, shi mutumin wulaƙanci ya ɗauke shi. Mun je har Dutsin-Ma aka gaya mana mu shiga gidan da ke bayan kasuwarmu.