Gambo Mai Fenti da Zakaran Hagu

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo zuwa Kabo ya ga aikin Gambo mai fenti, ɗan Unguwar Tudu, a bangon shaguna da jikin motocin kaya. Sai dai rabin aikin ne nasa. Tun suna samari shi da Dalhatu, mutumin Garo, suka koyi sana'ar wurin ubangida ɗaya, wanda kan raba musu bango gida biyu don kada su yi faɗa. Gambo ya kama dama, Dalhatu ya kama hagu, su taho har su haɗu a tsakiya. Ubangidan ya rasu, gemunsu ya yi fari, amma ba su sake tsari ba. Ba ka isa ka nuna inda hannun wannan ya tsaya na wancan ya soma ba.

Ni abincin kaji nake sayarwa a Gwarzo, kuma ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Bara na ce Gambo ya zana mini zakaru biyu suna kallon juna a bangon shagona. Ya zo shi kaɗai, ya zana na dama, ja wur, kai ka ce zai yi cara. Ya wanke buroshinsa ya tafi, ya bar hagu fari fat.

Kwanaki suka shuɗe. Masu sayen kaya suka sa ni gaba da tsokana, wai ko na yanka ɗayan ne na ci ban gayyace su ba. Na tare Gambo a kasuwa, muka gama gaisawa, na ce, “Malam Gambo, wai ina ɗaya zakaran?”

“Sai Dalhatu ya zo, Alhaji.”

“Kai ka kasa ne?”

“Na iya mana. Ba wurina ba ne.”

Kaina ya ɗaure. Mutum ya iya, ga fenti, ga bango, amma ya ƙi? Sai da matar Gambo, Uwaliya, ta zo sayen dusa na ji labari. Ashe ɓarin jikin Dalhatu na dama ya shanye, har ya sa an rabar da buroshinsa, ya ce tasa ta ƙare, abinci ma sai an lallashe shi. Ta ce, “Tsoron Malam, in Dalhatu ya ji an gama bango ba shi, to ya yarda tasa ta ƙare ke nan.” Na tausaya, amma a raina na ce, to ni da shagona fa, me ya haɗa mu?

Wata safiya sai ga Gambo a kan babur, ya ɗaure Dalhatu a bayansa da rawani. Ya zaunar da shi kan benci, ya damƙa masa buroshi a hannun hagu, ya riƙe masa gwangwanin fenti. Sai bayan azahar zakaran ya fito, in dai zakara za a kira shi: wuya a karkace, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, baki kamar na agwagwa.

Dalhatu ya dubi nasa, ya dubi na Gambo, ya saki buroshin ya faɗi ƙasa. Ya ce, “Gambo, mayar da ni gida kafin jama'a su taru.”

Gambo ya nufi bangon. Ya buɗe farin fenti, ya shiga shafe nasa zakaran, kyakkyawan nan da nake alfahari da shi. Na yi tsalle na ce, “Kai, Malam Gambo! Lafiyarka kuwa? Mai kyan za ka goge?” Ko waiwayo bai yi ba. Da wurin ya sha iska sai ya ɗauki buroshin da hannun hagu, yana kallon zakaran Dalhatu yana bin sa, karkacewa da karkacewa, har da doguwar ƙafar.

Ya ce wa Dalhatu, “Ubangidanmu cewa ya yi hannunmu ya zama ɗaya. Bai taɓa cewa kai ne kullum za ka biyo nawa ba.”

Dalhatu ya daɗe yana kallon bangon, hawaye na sauka cikin gemunsa. Can ya ce, “Wutsiyarka ta yi gajarta. Ƙara ta.” Gambo ya ƙara. Ni ma idona ya kawo ruwa, haushi kuma bai sake ni ba.

Yanzu haka suke aiki, duka biyun da hagu, kuma Dalhatu ya aika an karɓo masa buroshinsa. Har yau ban gane ba ko cutata aka yi ko karrama ni, don baƙi kan tsaya su tambaye ni ko abincin agwagi nake sayarwa. Kwanan baya wani mai fenti ya ce zai gyara mini bangon. Ban san lokacin da na kore shi ba.