Goron Suna a Cikin Leda

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ban da ranin da leda ta raba ni da gonata. An doshi shekara arba'in, amma har yau in na tuna sai na ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Shekarar ce mahaifina ya fara sakar min gona ni kaɗai. Ya ce, "In ka iya riƙe ta bana, ta zama taka. In ka kasa, baffanka zai karɓa." Na zuba tumatir, ina ji da kaina.

Gonar tana can ƙarshen magudanar ruwan noman rani, sai kowa ya sha ya ƙoshi ruwa yake iso mana. Kafin ya iso kuma sai ya ratsa wani kwalbati a ƙarƙashin hanya, daidai inda masu talla ke sayar wa 'yan ƙwadago abinci. Lokacin ne leda ta fara cika gari. Alalar da muka sani a gwangwani ta koma leda, har ruwan sanyi a leda ake ƙullawa. Mutum ya ci ya tsotse, ya wurga a ruwa, ya kama gabansa.

Ruwan rabo ake yi, kowane layi da ranarsa. Ranarmu ta zo, na tsaya da fartanya tun safe har azahar, abin da ya iso bai isa alwala ba. Mako na biyu ma haka, ga tumatir ya fara fure, ganye sai lanƙwashewa yake. Na tuɓe riga, maƙwabtana na gona suka ɗaura min igiya a ƙugu, na rarrafa cikin kwalbatin. Abin da na jawo, Allah ya raba ku da warinsa! Leda ce ta haɗu da laka ta toshe bakin gam. Na cika kwandon tumatir biyu, na ɗauka ban zame ko'ina ba sai ƙofar dagaci, na juye a gabansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya shanye mana ruwa."

Ya toshe hanci ya ce, "Subhanallahi! Duk wannan daga kwalbati ɗaya?" Nan take ya sa sanƙira ya zagaya gari da shela: daga yau kada a ƙara ganin leda a kasuwa ko bakin ruwa, kowa ya koma kwano da ganye.

Dokar ta kama, amma ni na sha baƙin jini. Mutanen dagaci suka kifar wa wata tsohuwa farantin alala saboda ledoji, ta zo har gona ta wanke ni tas. Samari suka sa min suna Sarkin Leda. Ban damu ba, tunda a makon ruwa ya iso min har ƙarshen kunya, tumatir ya farfaɗo.

Ba a yi kwana goma ba aka yi wa ɗan dagaci haihuwa. Ranar suna gari ya taru da safe, liman ya yi addu'a, aka zo rabon goro. Me zan gani? Goro da alawa an ƙuƙƙulla a sababbin ledoji, cike da daro, wai daga birni aka yo odarsu don a burge baƙi. Kuma wa ke rabon? Sanƙiran nan da ya yi shela. Ya iso kaina ya miƙo yana washe baki.

"Sarkin Leda, ga naka!"

Wuri ya ɗauki dariya. Na ce, "Haba Baba, ba da bakinka ka yi shelar nan ba?"

Ya ce, "Kai yaro, ka cika neman magana. Dokar ai ta masu talla ce, wa ya ce maka ta gidan nan ce?"

Na dubi dagaci, ya kawar da kai yana gaisawa da baƙi. Wallahi ji na yi kamar na jefar da goron nan a gabansa, kunyar manya ce ta hana ni. Daga wurin sunan mutane suka wuce gona, kuma ta kan kwalbatin suka bi, kowa na warware ƙullinsa yana yarwa. Washegari tsohuwar nan ta dawo da ledojinta, ta dube ni ido cikin ido. Ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Kwalbati ya sake toshewa. Na shiga sau biyu, a na uku fasasshiyar kwalba ta tsarge min tafin ƙafa. Na kwanta fiye da mako biyu, ba a sami wanda zai shiga ba, aiken da na yi wurin dagaci kuwa amsarsa ɗaya: za a duba. Ranar da na dogara sanda na je gona, furen ya gama zubewa, ganyen na murtsuke shi a hannu ya zama gari. Mahaifina yana tsaye a gefe.

Na ce, "Baba, ka san ba laifina ba ne."

Ya ce, "Na sani. Amma gidan nan abinci zai ci." Da damina ta faɗi ya miƙa wa baffana gonar, ni kuma na koma yi masa aiki.

Abin da na koya shi ne, in an kafa doka kada ka yi saurin murna, fara duba ko mai dokar zai ji zafi in an karya ta. Ni wautata, ban taɓa tsayawa na lura da inda gonar dagaci take ba. A farkon magudana take, ruwa na isa gare ta tun kafin ya kai kwalbati. Duk ranin nan, ko yini ɗaya tumatirinsa bai yi ƙishirwa ba.