Geron da Na Ƙunshe a Zanena

A wancan lokaci ni matar manomi ce a wani ƙauye kusa da Jabo, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba. Ina da ƙarfina, ina da baki, ban taɓa roƙon kowa ko gishiri ba. Sai wata damina kurkunu ya fito wa maigidana a ƙafa, ya kwantar da shi tun kafin noman fari. Ciyawa ta cinye gonarmu, rumbu ya ƙare, muka koma cin tafasa da rama. Ƙafar ta ruɓe, zazzaɓi ya shiga, mutumin da ke ɗaukar dami yana raha ya koma ni nake juya shi a tabarma.

Na bar shi a hannun maƙwabciya na tafi Tambuwal neman hatsi wurin yayana, na tarar ya bi shanu wajen Kebbe. A hanyar dawowa na bi ta gefen wata gona da geronta ya riga na kowa nuna. Al'adarmu sananniya ce: matafiyi mai yunwa yana iya karya zangarniya ya gasa tumu ya ci a bakin gona, ba mai ce masa kanzil, amma kada ya wuce da ko ɗaya. Ni ma yunwar nake ji, sai dai wanda ya fi ni buƙata ba shi da ƙafar zuwa bakin gona. Na karya abin da na iya na ƙunshe a zanena. Ban yi nisa ba mai gonar ya tare ni. Dattijo ne, bai zage ni ba. Ya ce in zauna in gasa in ci har in ƙoshi, halal ne, amma abin da ya bar gona a zane sunansa sata. Na gaya masa halin maigidana, ya ce kowane ɓarawo yana da mara lafiya a gida. Nan bakina ya ja mini, na ce masa to ya bari in ya mutu a binne shi da geronsa. Sai ya rantse sai mun je gaban mai gari.

A can liman ya ce wanda yunwa za ta kashe yana da hakki a rarar maƙwabcinsa, wasu suka ce gumin mutum nasa ne. Suna ta musu kamar masu cinikin saniya, ni ina kallon rana tana faɗuwa, hankalina yana gida. Aka ce in kwana sai an bincika labarina. Washegari wani falke da ya san mu ya shaide ni, mai gonar da kansa ya ɗaure mini gero fiye da wanda na ɗauka. Na iso gida na tarar da maza zaune a ƙofa, sun dawo daga maƙabarta. Maƙwabciyata ta ce har ya cika yana tambaya ko na iso. Da geron nan aka yi gumbar sadakar uku.

Yanzu na tsufa, abin bai daina yi mini ciwo ba. Ban ce dukiyar mutum ta kowa ce ba, kuma na san da na haɗiye maganata, da wataƙila dattijon ya sake ni. Mai nema ya riƙe harshensa. Ku kuma masu rumbu, in mai yunwa ya ce akwai wani kwance a gida, ku ba shi ya tafi, ku yi bincikenku daga baya. Gero yana iya jira, mara lafiya ba ya jira.