Ranar da Muka Ɗauki Inna a Amalanke

Damina ta yi tsaka, gero ya fara ɗaukar ciki, ƙanena ya bugo mini waya ya ce ƙafafun Inna sun kumbura, ko tsakar gida ba ta iya fitowa. A lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Ɗambatta. Na nemi izini wajen shugaban makaranta, na shiga mota, na ƙarasa ƙauyenmu a kan babur.

Ƙauyen namu ƙarami ne, gona manne da gona, sai 'yar siririyar hanya tsakani. Gidajen Kirista 'yan kaɗan ne, majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano. Sauran maƙwabta Musulmi ne, rijiya ɗaya muke ja, muna zuwa sunan juna da gaisuwar mutuwa. Inna ta daɗe tana shugabantar zumuntar mata, har yaran da ba nata ba Inna suke ce mata.

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, mai bisharar da ke kula da ikilisiyarmu ya zo gida da gurasa da ƙoƙo don ya ba ta Jibin Ubangiji, ibadarmu ta Kirista, a kan gadonta. Ya yi addu'a, ya miƙa mata. Sai ta kawar da kai.

"Malam, ba yau ba," in ji ta.

Ya ɗauka ciwo ne ya hana ta haɗiya. Ya mayar da kayansa cikin jaka, ya yi mata sannu ya tafi. Ni kuwa na san da safe ta sha koko rabin kofi lafiya lau.

Ina cikin shafa mata mai a ƙafa ta ce in saki labule in zauna. Ta tambaye ni ko na tuna tsohuwar da ke gidan ƙarshe, wajen itatuwan ɗorawa. Ta yaya zan manta? Muna yara da gudu muke wuce ƙofar gidan. An ce mayya ce, in ta kalle ka ta kama kurwarka. Ban taɓa tambayar inda maganar ta samo asali ba.

"Daga bakina ta fito," Inna ta ce.

Ta ba ni labarin a hankali, tana yi tana hutawa. Kafin a haife ni, lokacin ita da Baba suna kan addinin kakanninmu Maguzawa, tana da ɗa namiji, ɗan fari, bai cika shekara biyu ba. Ita wannan matar kuwa sana'arta daddawa, tana yawan shigowa gidanmu ta ɗauki yaron ta goya, ta yi masa wasa. Wata rana zazzaɓi ya rufe shi, ƙuraje suka feso masa, ya daina kama nono. A rana ta huɗu Inna ta fita bakin rijiya hankalinta a tashe, ta tarar da matar tana jan guga, ta nuna ta a gaban mutane ta ce ita ta kama mata ɗa. Nan take aka taru. Aka jawo matar har ɗakin Inna, aka tilasta ta tsallake yaron sau uku don ta sake shi. Ta tsallake tana kuka tana rantsuwa. Washegari yaron ya rasu.

"Ƙyanda ce," Inna ta ce. "A shekarar yara da yawa suka tafi, har a ƙauyukan da matar nan ba ta taɓa takawa ba. Tun kafin ya cika kwana arba'in da rasuwa na gane. Amma na yi shiru."

Sai na kama abin da na sani. Na ce ai wannan kafin ta ba da gaskiya ne. Na ce ita da bakinta ta koya mana cewa duk wanda ya furta zunubinsa ga Allah da zuciya ɗaya, Allah mai aminci ne, yana wanke shi sarai.

"Na furta masa, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba," ta ce. "Ban yi shakkar gafararsa ba. Amma Ubangiji kuma ya koya mana, in ka kawo baiko, wato hadaya, gaban Allah, ka tuna akwai wanda ka ɓata wa, to ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Duk ranar da aka karanta wurin nan a majami'a sai in sunkuyar da kai, in an gama in tashi in ja waƙa. Ina ta cewa gobe. Yanzu kin ga ƙafafuna."

Ta ce in je in roƙi tsohuwar ta zo.

Washegari na tafi da hantsi. Karo na farko ke nan da na yi sallama a ƙofar gidan. Na same ta a gindin rumbu tana tsince wake a faifai, 'yar ƙanƙanuwa, idonta ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi 'yar wace ce ni, na isar da saƙo. Ta daɗe hannunta na cikin wake.

"Allah ya ba ta lafiya," ta ce. "Ki ce mata ina yi mata sannu. Amma gidan nan naku, rabona da shi tun ranar da aka shigar da ni ana jana. Ƙafata ba za ta kai ni ba, 'yata."

Da na mayar wa Inna, ba ta yi mamaki ba. Cewa ta yi tsohuwar ta faɗi gaskiya, ba wanda aka zalunta ne zai yi tattaki ba. Ta ce a nemo amalanken shanu.

Ƙanena ya ƙi. Ya ce jikinta ba zai ɗauki jijjiga ba. Da Inna ta tsare shi da ido, sai ya fito da abin da ke ransa. Ya ce mu 'yan kaɗan ne a garin nan, ana ganin mutuncinmu, yanzu za a ce ga shugabar matan majami'a ashe ita ta ƙulla sharri. Ya ce a bari in ya so a aika da mai bishara a sirrance.

"A sirrance na yi mata?" Inna ta tambaye shi. "A bakin rijiya na yi, rana tsaka."

Sai ya fita. Shi da kansa ya je ya aro amalanken maƙwabcinmu, ya shimfiɗa katifa a ciki, ya ɗauko Inna kamar jaririya ya kwantar. Ta sa na biya na kira mai unguwa, shi ma ya biyo mu da sandarsa yana tambayar ko asibiti za a. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suka ga amalanke ya nufi gidan ƙarshe, suka ajiye bokitai suka biyo baya. Hanyar duk taɓo ce, shanun na tafiya a hankali, ganyen gero na goga mana kafaɗa. Ni dai ina riƙe da lema a kanta, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsohuwar ta fito ƙofar gida ta tsaya, ta dafa dangar kara. Inna ta ce a tayar da ita zaune. Muryarta ba ta da ƙarfi, sai da mai unguwa ya tsawata wa mutane aka yi tsit.

"Yaya," ta ce, "na zo ne in faɗi abin da na yi miki a gaban waɗanda suka ji, da 'ya'yan waɗanda suka ji. Ƙarya na yi miki. Ba ki taɓa mini ɗa ba, ciwo ne ya ɗauke shi. Na sani tun da daɗewa, tsoron kunya ya rufe mini baki. Na yi wa Allah zunubi, na yi miki. Ba ni da abin da zan mayar miki da shi. Ki yafe mini, in kin iya."

Tsohuwar ta dube ta. Da ta buɗe baki, ba da faɗa ta yi magana ba, lissafawa kawai take yi. Ta ce tun daga ranar ba wanda ya ƙara sayen daddawarta, har ta fasa tukwanen. Ta ce in ta je gidan suna sai iyaye mata su janye jarirai. Ta ce 'yarta guda ɗaya, an riga an sa mata rana, dangin mijin suka fasa, sai can wajen Zakirai ta samu aure inda ba a san labarin ba, kuma ba ta son zuwa garin nan ko da salla. Inna na ji, tana gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ba ta kare kanta da ko kalma ɗaya ba.

Sai tsohuwar ta saki dangar ta matso jikin amalanken.

"Akwai abin da na daɗe ina son tambayarki," ta ce. "Bayan an fitar da ni, ya sha wuya sosai?"

Inna ta girgiza kai. "Barci ya yi. Bai farka ba."

"Alhamdu lillahi. Yaron nan a bayana ya koyi dariya. Aka binne shi ina jin kuka daga nan, ba halin in zo." Ta kama hannun Inna da hannu biyu. "Ya haƙuri? Ya muka ji da rashi?"

"Haƙuri sai godiya," Inna ta amsa da ƙyar, kamar jiya aka yi rasuwar.

"Na yafe miki, duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Matan da ke tsaye suka ce amin, wasu na share ido da bakin mayafi. Mai unguwa ya ce kowa ya ji da kunnensa, kada ya ƙara jin wannan suna na mayya a bakin babba ko yaro. Ƙanena ya juya baya yana gyara igiyar shanu da ba abin da ya same ta. Ni ma na durƙusa na ce, "Iya, ni ma ina cikin masu gudu in sun gan ki." Ta dafa kaina ta ce yara abin da suka ji suke yi.

Lahadin da ta biyo baya Inna ta karɓi Jibin Ubangiji. Ta rayu har aka yanke gero, ta rasu ana cikin ɗaurin dami. Tsohuwar ta zo gaisuwa, ta zauna a kan tabarma a ƙofar gida tare da sauran mata, ba ta shiga ciki ba. Ba zan ce ƙauye ya canza gaba ɗaya ba. Har yau akwai masu cewa ciwo ne ya ruɗa Inna. Amma an samu masu kai wa tsohuwar tuwo, jikokin maƙwabta suna ɗebo mata ruwa.

Akwai saƙo ɗaya da Inna ta bar mini kafin ta cika. Bayan kaka na shiga mota zuwa Zakirai, na yi ta tambaya har na sami gidan 'yar tsohuwar. Mace ce babba mai jikoki, na tarar tana dakan fura. Na faɗa mata duk abin da ya faru, na ce Inna ta ce in roƙe ta ita ma. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta dama mini fura da nono, ta tambayi lafiyar yarana, ta yi mini gaisuwar rashi yadda ya kamata.

Da zan tafi ta rako ni har zaure. Na tsaya ina jira.

"Na ji saƙonki," ta ce. "Mahaifiyata tana da zuciyar da ni ban kai ba tukuna. Ki ba ni lokaci."

Na ce to. Ban ga laifinta ba, ban kuma matsa mata ba. Sau biyu na koma tun daga nan, ba mu ƙara tayar da maganar ba. Zuwan ƙarshe ta ba ni kuɓewa busasshiya a leda, ta ce in na sake zuwa in taho da 'yar autata ta gan ta.