Furen da Kawu Sani ya hana wa turba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar kawuna, Malam Sani na Rawayya, mutumin da ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa cikin moɗar. Allah ya jiƙansa. A da dariya nake yi masa, yau na fi shi zargin mutane.

A bayan wani dutse, wanda ba zan faɗi sunansa a jarida ba, akwai wata irin ƙerana mai ƙaya, gindi goma kacal. Sau ɗaya take fure a shekara, farkon damina, kuma cikin dare. Furen fari fat, ƙamshinsa ke jawo ƙwarin dare, ta haka take samun iri. Kafin hantsi ya yanƙwane.

Kawu ya mai da kansa mai gadinta, ba wanda ya sa shi. Dabararsa ita ce ba ya bin hanya ɗaya sau biyu. Yau ta gonar dawa, gobe ta kwazazzabo, don kada sawu ya zama turba. “Furen ga ba shi son baƙi,” in ji shi. “Ran da turba ta fito, ya ƙare.”

Sau ɗaya na saɓa masa, na kai wani abokina na Gusau ya gani. Bayan sati biyu muka tarar da ramuka uku, an tone an kai wa masu sayar da furanni. Kawu bai zage ni ba. Wata guda dai bai ci tuwo kwano ɗaya da ni ba, har yau abin na yi mini ciwo.

Watan jiya wasu mutum biyu suka same ni a gida, a Damba, wai daga ƙungiyar kare tsirrai suke. Baki kamar zuma. “Malam, hoton furen kawai za mu ɗauka, mu kewaye wurin da waya.” Da na raka su mota sai na hango diga da buhuna a baya. Wataƙila don kafa shinge ne. Ni dai na kai su wani dutse daban can wajen Tsafe, muka yini muna kallon tumfafiya.

Ko me Kawu zai ce? Mai yiwuwa mutanen kirki ne na yaudara, ga masu fasa dutse na matsowa, ni kaɗai kuma ba zan iya tare su ba. Wannan na damuna ƙwarai.

Kawu bai bar dukiya ba, bai bar suna ba. Amma da daminar bana na je, ta wata sabuwar hanya. Gindi bakwai ɗin da suka rage duk sun yi fure, kuma har yau babu turba.